Girman da 'Yan Kurkuku Suka Ba Bawan Allah

Jawabin da ɗaya daga cikin masu bishara ya yi a taron jubili, a kan rayuwar Fasto Henry Gerecke, faston soja

 

Ranar jubili ranar lissafi ce. A irin wannan rana a kan ƙidaya majami'u da makarantu da asibitoci, a kan kira sunayen waɗanda suka sha wahala cikin aikin, a ba su girma a gaban jama'a. Wannan kuwa daidai ne. Amma tun da ana zancen girma, ya kamata mu tambayi kanmu: wane irin girma ne ya dace bawan Allah ya sa zuciyarsa a kai? Domin mu sami amsa, zan ba ku labarin wani fasto na ƙasar Amurka wanda ya yi aiki cikin soja a zamanin yaƙin duniya na biyu, yaƙin nan da kakanninmu su ke kira yaƙin Hitila. Sunansa Henry Gerecke, a bakin mutanensa ana furta shi Geriki. Shi ɗan ɗarikar Lutheran ne, watau masu bin koyarwar Martin Luther, irin ɗarikar da ta kafa aiki a Numan a 1913 da Ngaundere a 1925, ko da shi ke reshensu dabam ne.

Mafarinsa

An haifi Henry Gerecke ran 4 ga watan Agusta, 1893, a wani ƙauye da a ke kira Gordonville, cikin jihar Missouri. Iyayensa manoma ne, asalinsu mutanen Jamus, saboda haka ya tashi yana jin Jamusanci da Turanci duka biyu. Ku riƙe wannan a zuciya, gama harshen da yaro ya koya a gona, Allah yana da aikin da ya ajiye masa.

Da ya girma ya tafi birnin St. Louis, ya shiga makarantar fastoci da a ke kira Concordia. A lokacin nan dokar makarantar ta hana ɗalibi aure kafin ya gama. Shi kuwa ya auri wata yarinya mai suna Alma a 1919, tilas ya bar makarantar. Wani da ya ce hanya ta toshe ke nan. Shi bai ce haka ba. Ya kama aikin koyarwa domin ya ciyad da iyalinsa, yana karatu a gida, har ya ci jarrabawa, aka naɗa shi fasto a 1926, yana da shekara 32.

Ya yi kiwon wata ekklisiya a St. Louis wajen shekara 9. A 1935 ya bar ta, ya karɓi aikin mishan na cikin birni. Lokacin nan ƙasar Amurka tana cikin matsanancin talauci, magidanta da yawa ba su da aikin yi. Ekklisiyarsa ta zama ɗakunan asibiti, da gidajen gajiyayyu, da kurkukun birni. Ya kan tara tsofaffin takardu da tufafi da kayan ɗaki, ya ba marasa aiki su gyara a sayar, su sami abin sawa a baka. Har wa yau ya kan yi wa'azi a rediyo domin marasa lafiya da ba su iya zuwa sujada. Shekara 8 ya yi yana shiga kurkuku yana fita, har ya saba da ƙarar makulli da warin ɗakin da ba ya samun iska. Ba wanda ya ba shi lambar yabo saboda wannan. Ashe makaranta ce Allah ya sa shi.

Shigarsa soja

Sa'ad da Amurka ta shiga yaƙi, manyan 'ya'yansa biyu suka tafi soja. A 1943, yana gab da cika shekara 50, shi ma ya ba da kansa domin aikin faston soja. Bari in bayyana wannan aiki ga waɗanda ba su san shi ba. Faston soja yana sa kakin soja, yana da muƙamin hafsa, yana cin albashin gwamnati, amma ba ya ɗaukar bindiga. Alamar gicciye ce a wuyan rigarsa. Aikinsa shi ne ya yi sujada da sojoji, ya ziyarci masu rauni, ya zauna kusa da mai mutuwa, ya binne matattu, ya rubuta wa iyayensu takarda.

Bayan ya yi horo a Harvard, aka haɗa shi da wani babban asibitin soja mai lamba 98. A 1944 suka haye teku zuwa Ingila. Daga watan Yuni na shekarar nan, da sojojin taron dangi suka sauka a gaɓar Faransa, sai aka yi ta kawo masu rauni ba dare ba rana. Samari ne, sa'o'in 'ya'yansa, wani ba ƙafa, wani ba ido, kuma harsashin Jamus ne ya yi musu haka. 'Ya'yansa biyun nan ma an yi musu rauni cikin yaƙin.

Jamus ta ba da kai a watan Mayu, 1945. Cikin watan Yuli aka kai asibitinsu birnin Munik. Kusa da Munik akwai wani wuri da a ke kira Dachau, ɗaya daga cikin sansanonin da mutanen Hitila su ke tsare jama'a suna kashe su da yunwa da aiki da duka. Gerecke ya tafi ya gani da idonsa. Ina gaya muku wannan domin kada wani ya ce mutumin nan bai san abin da aka aikata ba. Ya sani sarai. Yahudawa kaɗai, kimanin miliyan 6 aka hallaka, maza da mata da jarirai, ban da sauran al'ummai.

Kira zuwa Nuremberg

Ƙasashe huɗu da suka ci yaƙi, watau Amurka da Ingila da Faransa da Rasha, suka kafa kotu a birnin Nuremberg domin a yi wa manyan Jamus shari'a. Hitila kansa ya riga ya kashe kansa a watan Afrilu. Waɗanda aka gurfanar da su a gaban alƙalai mutum 21 ne. Mai tsaron kurkukun, wani Kanar Burton Andrus, ya nemi faston da zai lura da su. Yana bukatar ɗan Lutheran, gama yawancinsu a wannan ɗarika aka yi musu baftisma suna yara. Yana bukatar mai jin Jamusanci, wanda ya san kurkuku, dattijo kuma wanda manyan mutane ba za su firgita shi ba. Da aka duba, sai ga Gerecke yana da dukan abin nan.

Ba a tilasta masa ba. An gaya masa yana da iko ya ƙi. Ku sa kanku a matsayinsa. Ya daɗe rabonsa da gida, yaƙi ya ƙare, abokansa suna ɗaure kaya. Ga jinin 'ya'yansa, ga abin da ya gani a Dachau. Wa zai zarge shi in ya ce a nemi wani? Kun tuna da Hananiya cikin Ayyukan Manzanni sura 9, yadda ya yi gardama sa'ad da Ubangiji ya aike shi wurin Shawulu, mai tsananta wa masu bi. Kun tuna da Yunana, wanda ya gwammace teku da birnin Nineba. Gerecke ya yi addu'a a kan maganar, sa'an nan ya yarda. Ya isa Nuremberg cikin watan Nuwamba, 1945, yana da muƙamin Kaftin. Aka fara shari'a ran 20 ga watan.

Aka raba fursunonin. Mutum 6 aka ba wani fada na Katolika mai suna Sixtus O'Connor, mutum 15 kuwa aka ba Gerecke. Ga waɗansu daga cikin tumakin da aka danƙa masa. Akwai Hermann Goering, shugaban sojan sama, wanda ya ke bi wa Hitila a girma. Akwai Wilhelm Keitel, babban hafsan hafsoshi. Akwai Joachim von Ribbentrop, ministan harkokin waje. Akwai Fritz Sauckel, wanda ya kwaso mutane fiye da miliyan 5 daga ƙasashensu domin aikin tilas. Akwai Albert Speer, ministan makamai, da Baldur von Schirach, wanda ya shugabanci ƙungiyar samarin Hitila, da Hans Fritzsche, mai yaɗa maganarsu a rediyo, da Rudolf Hess, da Alfred Rosenberg, malamin aƙidarsu, wanda ya yi ta rubutu yana zagin bangaskiyar Kirista.

Da ya shiga ɗakunansu ranar fari, ya miƙa wa kowa hannu suka gaisa. Mutane da yawa sun ji haushin wannan, suka ce yaya za a taɓa hannun da ya jiƙe da jini. Amma shi ya san in ya tsaya daga nesa yana ƙyama, ba kunnen da zai buɗe masa.

Majami'a cikin kurkuku

Aka rushe bangon da ke tsakanin ɗakuna biyu, aka sa kujeru da ɗan bagadi da ƙaramin ogan, abin kiɗan nan na majami'a. Mai kaɗa shi ma fursuna ne, tsohon hafsan rundunar SS, wadda ta fi kowace runduna mugunta. Cikin mutum 15, guda 13 suka riƙa zuwa sujada ran Lahadi. Hess da Rosenberg suka ƙi. Goering ya kan zauna a gaba, muryarsa ta fi ta kowa ƙarfi wajen waƙa.

Me Gerecke ya koya musu? Abin da mu ke koya wa masu shirin baftisma a nan, shi ya koya musu: Dokoki Goma, da Shaidar Bangaskiya, da Addu'ar Ubangiji, da labarin gicciye. Mutanen da a da in sun yi tari ƙasashe su girgiza, ga su zaune kamar 'yan aji suna juya shafin Littafi. Kowace rana kuma ya kan bi su ɗaki ɗaki, mai gadi yana leƙe ta 'yar taga.

Wajen jibin Ubangiji kuwa bai yi garaje ba. Bai ce tun da su manya ne, ko tun da mutuwa ta kusa, a ba su kawai ba. Kowane mutum sai ya zauna da shi, ya koya masa, ya tambaye shi a kan zunubinsa da bangaskiyarsa, tukuna ya karɓe shi. Sauckel ne ya fara zuwa. Bayansa Fritzsche da Schirach da Speer suka zo. Keitel ma ya zo. Ribbentrop da fari ya nuna ba ruwansa, sai jayayya ya ke kawowa, amma a hankali ya kama karatun Littafi Mai Tsarki, kafin ƙarshe shi ma ya nemi jibi aka ba shi.

Na san akwai mai tambaya a zuciyarsa: tuban nan na gaskiya ne, ko kuwa tsoron igiya ne? Tambaya ce mai kyau, kada mu guje mata. Masu binciken tarihi sun nuna daga baya cewa Speer ya san abubuwa da yawa game da kisan Yahudawa waɗanda ya ɓoye wa kotu. To, mutumin da ya ɓoye wa alƙalai gaskiya yana iya ɓoye wa fasto. Fasto ba ya ganin zuciya. Abin da aka ba shi shi ne ya faɗi Magana sosai, ya yi tambaya sosai, ya saurari abin da baki ya shaida. In mutum ya yi ƙarya a gaban teburin Ubangiji, alhakin yana wuyansa, kuma akwai Alƙalin da ba a ruɗinsa. Da za a ce sai mun tabbatad da zuciyar kowa kafin mu yi masa bishara, da ba wanda zai ji ta, har mu da ke zaune a nan.

Ku lura da wani abu kuma. Aikin Gerecke bai shafe aikin kotu ba. Alƙalai suna nasu, fasto yana nasa. Gafarar Allah ba ta ce jinin da aka zubar banza ne ba. Ɓarawon da ya tuba a kan gicciye, cikin Luka sura 23, da bakinsa ya yarda hukuncinsa daidai ne. An yi masa alkawarin Firdausi, amma ba a sauke shi daga itacen ba.

Takardar fursunoni

Shari'a ta yi tsawo. Cikin watan Yuni, 1946, labari ya bazu a kurkuku cewa za a sallami Gerecke ya koma gida, gama ya fi shekara biyu bai ga matarsa ba. Da fursunonin suka ji, sai Fritzsche ya rubuta wa Alma takarda da Jamusanci, yana roƙonta ta yi haƙuri ta bar musu mijinta har a gama shari'a, domin ba za su iya buɗe zuciyarsu ga baƙo a irin wannan lokaci ba. Dukansu 21 suka sa hannu, har da 'yan Katolika, har da waɗanda ba su taɓa zuwa sujada ba. Mutanen da suka saba sa hannu a takardar umarni, dubban rayuka su salwanta, ga su suna sa hannu a takardar roƙo zuwa ga wata mace a St. Louis.

Alma ta aiko wa mijinta cewa ya zauna. Iyayenmu mata, ku ji wannan. In ana lissafin masu girma cikin labarin nan, kada a manta da ita. Sau da yawa aikin da a ke yaba wa mai bishara, matarsa ce ta biya rabin kuɗinsa da kaɗaici da haƙuri.

Daren ƙarshe

Ran 1 ga watan Oktoba, 1946, aka yanke hukunci. Mutum 12 aka yanke musu kisa ta hanyar rataya, ɗaya daga cikinsu, Martin Bormann, a bayan idonsa. Mutum 3 ɗaurin rai da rai, mutum 4 ɗaurin shekaru daga 10 zuwa 20, mutum 3 kuwa aka sake su, har da Fritzsche.

Ran 15 ga watan da dare, Gerecke ya shiga ɗakin Goering. Suka yi magana a kan Yesu. Goering ya nuna shi bai gaskata Yesu Mai Ceto ne ba, mutum ne kawai mai wayo a ganinsa, ya kuma yi wa koyarwar Littafi ba'a. Duk da haka ya ce a ba shi jibin Ubangiji, wai ko da akwai wani abu cikin maganar, kamar yadda mutum ya kan ɗaura laya ko ta yi amfani. Gerecke ya ƙi. Ya gaya masa ba shi da iko ya ba da jibi ga wanda ya ke musun Almasihu wanda ya kafa shi. Wannan ita ce gargaɗin da manzo Bulus ya yi cikin Korintiyawa ta Fari sura 11, a kan ci da sha ba da cancanta ba.

Bayan kamar sa'a biyu, mai gadi ya yi ihu. Goering ya tauna wata 'yar kwalbar dafi da ya ɓoye. Gerecke ya sheƙa a guje, ya durƙusa a gefen gadonsa, yana faɗa masa maganar bishara a kunne har ransa ya fita. Mutumin da ya hana shi jibi, shi ne ya durƙusa kusa da shi a ƙarshe. Abin nan ya yi wa Gerecke nauyi ƙwarai, gama ba makiyayin da zai rasa tunkiya ya yi barci mai daɗi. Amma ku duba, ƙauna ɗaya ce ta sa ya miƙa wa mutumin nan hannu ranar fari, ita ce kuma ta hana shi yi masa ƙarya a daren ƙarshe.

Bayan ƙarfe ɗaya na dare, ran 16 ga wata, aka fara kai sauran mutum 10 wurin rataya, cikin ɗakin motsa jiki na kurkukun. Ribbentrop aka fara kaiwa, sa'an nan Keitel. Gerecke ya yi addu'a da kowanne cikin su biyun nan a ɗakinsa, ya raka shi, ya hau matakala tare da shi. Rosenberg ya ƙi addu'a har ƙarshe, duk da haka an raka shi. Kafin gari ya waye an gama. Aka ƙone gawawwakin a Munik, aka zuba tokar a rafi, domin kada kabarinsu ya zama wurin ziyara. Waɗannan mutane sun tara lambobin girma har ƙirjinsu bai ishe su ba. Komai nisan jifa, ƙasa zai faɗo.

Sauran kwanakinsa

Bayan Nuremberg aka ƙara wa Gerecke girma ya zama Manjo. Ina ku ke tsammani aka tura shi? Kurkukun soja a birnin Milwaukee. A 1950 ya tuɓe kaki, ya koma wani ƙaramin gari mai suna Chester cikin jihar Illinois, ya zama mataimakin fasto, yana kuma lura da fursunonin wani babban kurkuku da a ke kira Menard. A 1951 ya rubuta labarin Nuremberg cikin wata mujallar Amurka. A 2014 kuma wani marubuci mai suna Tim Townsend ya fitar da littafi a kan rayuwarsa.

Ran 11 ga watan Oktoba, 1961, ya tafi Menard domin aikinsa, ciwon zuciya ya buge shi a filin ajiye motoci na kurkukun. Ya rasu a ranar, yana da shekara 68. Sa'ad da babban ɗansa ya ke duba teburinsa, ya tarad da tulin wasiƙu a ɓoye. Wasiƙun zagi ne daga mutanen ƙasarsa, suna ce masa maci amana, mai ƙaunar maƙiya. Ya karanta su, ya ajiye, ya ci gaba da aikinsa.

Fursunonin Menard kuwa, da suka ji rasuwarsa, suka roƙi shugaban kurkuku a kawo musu gawarsa su yi ban kwana. Aka yarda. Aka shigo da akwatin cikin majami'ar kurkuku, mutum wajen 800 suka bi layi suna wucewa ta gabansa, ɓarayi da masu kisan kai. Suka kuma tara kuɗi daga ɗan abin da su ke da shi, aka yi gicciye mai haske da shi domin tunawa da shi a garin.

To, ga lissafin girman mutumin nan. Gwamnati ta ba shi Kaftin, ta ba shi Manjo. Wannan girma ne, ba mu rena shi ba. Amma sojan Amurka ya yi manjoji dubbai a yaƙin nan, waɗanda yau ba mai tuna sunansu. Abin da ya sa mu ke ambaton Gerecke a nan, cikin harshen da bai taɓa ji ba, shi ne takardar mutum 21 da layin mutum 800. Dukansu kuwa 'yan kurkuku ne. Mutanen da duniya ta tofa musu yawu, su ne suka shaida cewa wannan makiyayinsu ne.

Abin da ya rage gare mu

'Yan'uwana, cikin Littafin Firistoci sura 25, shekarar jubili shekara ce ta busa ƙaho, a saki bayi, a mayar wa kowa gādonsa. Asalin bikin na waɗanda ke ɗaure ne da waɗanda suka rasa. Saboda haka ina da magana uku da zan bar muku.

Ta fari, ga mu ma'aikata. Son muƙami ya fara shiga cikinmu kamar gara. Wani yana fushi don ba a kira shi da cikakken laƙabinsa ba, wani yana jin zafi don an tura shi ƙauye, abokin karatunsa yana birni. Shekara 8 da Gerecke ya yi cikin kurkukun St. Louis, ba mai kallo, su ne suka shirya shi domin shekara ɗaya ta Nuremberg. Kai da ke ƙauyen da mota ba ta zuwa, kana koya wa mutum biyar karatu a gindin itace, ba ka san abin da Ubangiji ya ke shirya ka dominsa ba. Ka riƙe wurinka da aminci.

Ta biyu, ga dukanmu. Da yawa a cikinku kun sha wuya saboda bangaskiya. An hana wani gādo, an ƙwace wa wani mata da 'ya'ya, an kori wani daga gidan ubansa da dare. Kowannenku ya san sunan wanda ya yi masa. Ban ce abin da aka yi muku ƙarami ne ba, Allah ya gani, shi ne kuwa mai shari'a. Amma ina tambaya: in rana ta juya, mutumin nan ya kwanta ciwo, ko ya shiga hannun hukuma, kowa ya guje shi, za ka tafi? Za ka miƙa masa hannu? Ubangiji ya lissafta ziyarar kurkuku cikin ayyukan da zai tambaya a ranar ƙarshe, kamar yadda ya ke cikin Matta sura 25, bai kuwa ce sai marasa laifi za a ziyarta ba. Akwai gidan kaso a garuruwanmu. Ina roƙon kowace ekklisiya da ke da wakili a taron nan, kafin shekara ta zagayo, ta zaɓi mutum biyu, ta nemi izinin hukuma, su riƙa shiga da Littafi da ɗan sabulu da abinci.

Ta uku, ga dattawa masu lura da teburin Ubangiji. Kada ku rufe shi ga mai zunubin da ya tuba, ko da zunubinsa ya kai na Sauckel. Kada kuma ku buɗe shi ga mai girman da bai tuba ba, ko da shi ne ya saya mana kwanon rufin majami'a. In muka tsananta wa matalauci muka sassauta wa mai kuɗi, mun mai da jibin Ubangiji abin ciniki. Wanda kuka hana kuwa, kada ku yashe shi. Ku ci gaba da zuwa gidansa, kuna yi masa addu'a, har numfashinsa na ƙarshe.

Kaki ya kan tsufa, anini ya kan yi tsatsa, takardar yabo gara ta kan cinye ta. Waɗanda za su zo jubili mai zuwa, yawancinmu ba za su same mu ba. Allah ya sa sa'ad da za su kira sunayenmu, a sami wani a cikin taron da zai tashi ya ce, ina ɗaure, ina abin ƙyama, wannan mutum ya zo wurina da sunan Yesu.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubanmu na sama, mun gode maka domin bayinka da suka riga mu, waɗanda muka sani da waɗanda ba mu sani ba. Ka tsarkake zukatanmu daga son girman duniya. Ka ba mu ƙarfin hali mu tafi wurin waɗanda mu ke tsoro da waɗanda suka cuce mu, ka ba mu gaskiyar da ba ta duban fuska. Ka tuna da dukan waɗanda ke cikin kurkuku a daren nan, da waɗanda aka zalunta suna jiran shari'arka. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Amin.